Kwanon Malamin Lissafi

Ranar da abin ya faru, mutum huɗu ne a kan tabarma a ƙofar gidana. Akwai ɗana, autana, wanda shi kaɗai ya rage mani a Kankiya. Akwai malamin lissafi, da suke koyarwa a firamare ɗaya da shi. Akwai tela, maƙwabcinmu na hannun dama, sai ladanin masallacin unguwa. Ni ce ta biyar, amma ni ba a ƙirga ni, don ina cikin zaure a bayan asabari, a kan 'yar kujerata. Matar ɗana ba ta nan. Ta tafi wankan jego gidan iyayenta a Tafashiya, ta tafi da jaririn, ta tafi da duk wata hayaniya ta gidan.

Ciyayyar ƙofar gidan nan marigayi maigidana ya fara ta. Da an idar da magariba kowane magidanci zai fito da kwanon gidansa, a jera a tsakiyar tabarma, a ci na wannan a koma na wancan. Namu ake fara buɗewa, tunda ƙofarmu ce. A cikin akushi nake zubawa, wani baƙin akushi da maigidana ya gada, wanda bai taɓa wuce bakin tabarmar nan ba.

Da ya rasu na ɗauka an naɗe tabarma ke nan. A lokacin ɗana yana kwaleji, babu namiji a gidan. Bayan an share makoki da 'yan kwanaki sai na ji sallama da magariba. Malamin lissafi ne, riƙe da kwanonsa. Ya girmi ɗana nesa, maigidana kuma ya girme shi, a tsakani yake. Bai yi mani dogon jawabi ba.

Ya ce, "Inna, a ba mu tabarmar."

Na miƙa mashi ta bayan asabari. Tun daga ranar shi ke shimfiɗa ta, shi ke kakkaɓe ta. Da ɗana ya gama karatu ya kama koyarwa, shi ya matsa mashi wuri ya ce ya zauna inda ubansa ke zama.

Ni kuwa tun ina takaba na saba da wannan kusurwar ta zaure. Ba ni da yawo, ba ni da ƙawaye, waɗanda na sani yawancinsu suna ƙasa. 'Ya'yana mata aure ya kai su nesa. Mutane suna cewa ina da zafi, ban musa ba. Wuni nake yi ban yi magana da kowa ba sai kaji. Amma da magariba ina da mutane. Na san kowa da irin wankin hannunsa. Ladan sai ya yi gyaran murya kafin ya kai loma. Tela yana magana da tuwo a baki, abin da na tsana, amma shi ke kawo labarin gari. A nan nake jin wanda ya rasu, da wanda gonarsa ta yi kyau a Sukuntuni, da wanda ya faɗi da mashin. Ba na sa baki. Wake nake ɓarewa, ko in ja carbi. Idan sun tashi, na samu abin da zan yi ta juyawa a raina har gobe.

A shekarar da abin ya faru ne aka zaɓi ɗana cikin malaman da za a horar su zama shugabannin makaranta. Bita suke ce ma abin. Ƙarshen mako ya tafi Katsina, ya dawo da jaka cike da takardu da baki cike da magana. Ni ban taɓa shiga aji ba, ko na yaƙi da jahilci, amma tunda matarsa ba ta nan ni yake ba labari, ina wanke-wanke yana tsaye. Ya ce ana koya masu yadda ake raba ma malamai darussa ba a danne wani ba. Da yadda ake zama da iyayen yara. Da yadda ake gudanar da taro har wanda ba ya magana ya yi magana. Ya ce shugabanci ashe sana'a ce, ba tsufa ba ne kaɗai. Na ce Allah ya taimaka, ya matsa mani daga hanyar ruwa.

Ina kallonsa yana sauyawa. Ya fara duba agogo. Ya daina dariyar nan tasa ta buɗe baki har a ga dasashi. Wata rana da hantsi na ji magana a ɗakinsa, na ɗauka baƙo ya yi, ashe da bango yake: "Malamai 'yan'uwana, ina yi maku barka da zuwa." Ya tsaya, ya sake faɗa da wata murya. Na koma madafa ban bari ya san na ji ba.

A kan tabarma kuwa tela ya samu abin yi.

"A gyara ma Yallaɓai wuri. Yallaɓai, da hannu za a ci ko a aika a samo cokali?"

Ladan ya ce, "Kai dai ka fara neman ɗinkin rigunan makaranta tun yanzu."

"Ni? Wanda na ɗinka mashi wandon kaciya? Shi zai neme ni."

Malamin lissafi ba ya shiga wannan wasa. Abin da yake cewa kawai, "Ku bar yaro ya ci abinci." Shi ya daɗe yana koyarwa, wasu daga cikin waɗanda suka zama manya a ofishin ilimi ta ajinsa suka bi, amma takardarsa ba ta kai a kira shi bita ba. Ban taɓa jin ya ambaci wannan ba, ko da wasa.

Sai labari ya zo cewa in an gama horon, wata makaranta za a ba ɗana a wajen Dudunni, ƙasar Kusada. Zai riƙa fita da sassafe a kan mashin, kuma shi da kansa ya ce sabon shugaba ba ya riga kowa tashi, wata rana sai bayan isha'i zan gan shi. Kowa ya yi mani murna. Na amsa. Amma abin da na gani a raina daban ne. Tela ba ya zuwa inda babu mai saurarensa. Ladan kunya gare shi, ba zai yi sallama a ƙofar gwauruwa shi kaɗai ba. Idan ɗana ya tafi, tabarmar nan a wuyan mutum ɗaya ta rataya, wanda ya ce a ba su ita tun farko.

Ana cikin haka ɗana ya ce mani an ba su aikin gwaji. Kowa ya zaɓi malami ɗaya a makarantarsu, ya zauna a bayan aji ya kalli yadda yake koyarwa, sannan ya zauna da shi su tattauna.

Ya ce, "Malam na zaɓa."

Na ce, "Mi ya sa shi?"

"Shi ne ba zai ɗauke ni da wata manufa ba. Kuma sun koya mana yadda ake yi, Inna. Ba a kiran mutum ofis kamar mai laifi. Wuri ake nema inda ya saki jiki. A fara da yabo, a kawo gyara, a rufe da yabo."

Na ce, "Hm." Ban kawo a raina wane wuri yake nufi ba.

Farkon kaka ne, sabuwar dawa ta shigo. Na tuƙa tuwo, na kaɗa miyar kuɓewa ɗanya, na sa man shanun da Bafulatanar da ke kawo mani nono ta kawo da safe. Ɗana ya fita da akushin. Na ji an shimfiɗa tabarma, na ji kwanoni uku sun sauka, na ji buta tana zagayawa. Ladan ya yi gyaran murya. Aka buɗe akushi, aka yi bisimilla.

Tela ya ɗaga murya kamar yadda ya saba in miya ta yi mashi daɗi. "Wanda ya yi miyar nan Allah ya kai shi Makka ya maimaita."

Na yi kamar ban ji ba.

An ɗan ci kaɗan sai na ji ɗana ya yi magana, da muryar nan da yake yi ma bango.

"Malam, na gode da ka bar ni na zauna a ajinka yau. Gaskiya na ƙaru. Rubutunka a allo ko na'ura sai haka. Kuma ban ji yaro ɗaya ya yi motsi ba tun daga farko har ƙarshe."

Malamin lissafi ya ce, "To, madalla." A muryarsa na ji bakinsa da loma.

"Sai dai akwai abu ɗaya ko biyu da na lura, da za mu duba tare."

Na ajiye waken da ke hannuna.

"Yawancin lokacin allo kake fuskanta, yaran bayanka suke gani. Sannan tambayoyin duk layin gaba suka tsaya, wajen yaran nan maza masu ɗaga hannu. 'Yan matan da ke baya wajen taga babu wadda aka tambaya. Na duba littafin ɗaya daga cikinsu, kwafa kawai take yi, ba ta san mi take kwafa ba. Da za a riƙa zagayawa..."

Tela ya yi dariya, don shi a zatonsa wasa ne. "Kai, Malam, yau ɗalibi ya kama ka."

Babu wanda ya taya shi. Ɗana ya ci gaba, ya kawo yabon rufewa kamar yadda aka koya mashi, ya ce irin su Malam su ne ginshiƙin makaranta, da su ake tinƙaho. Ina jin kalmomin suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya babu mai tsincewa. Hannu uku nake ji a akushi, na huɗun ya tsaya.

Malamin lissafi ya ce, "Ladan, miƙo mani butar."

Ladan ya ce, "Haba Malam, yanzu fa aka fara. Ko naka ba a buɗe ba."

"Alhamdu lillahi. Na ɗan taɓa wani abu da la'asar."

Ya wanke hannu, a hankali, yatsa bayan yatsa, na daɗe ina jin ruwan yana zuba a ƙasa. Sannan ya ce, "An gode, Hedimasta. Za a gyara in Allah ya so."

Bai taɓa kiransa haka ba. Yaro yake ce mashi, ko ɗan Inna.

Na ga ƙafafunsa ta ƙasan asabari, yana neman takalminsa. Ya tsaya daidai saitin kusurwar da nake, ya sassauta murya yadda ba sai ta kai tsakar gida ba, ya ce, "Inna, a tashi lafiya." Duk shekarun nan ina zaton babu wanda ya san inda nake zama. Kafin in amsa ya yi gaba.

Sauran ba su daɗe ba. Tela ya gwada kawo labarin wani da akuyarsa ta shiga masallaci, labarin ya mutu a hanya. Ladan ya ce lokacin isha'i ya matso, alhali da saura. Kowa ya ɗauki kwanonsa. Ɗana ya kakkaɓe tabarmar da kansa, bai iya ba, ƙura ta dawo mashi a fuska. Ya shigo da akushi a hannu ɗaya, ɗaya hannun da kwanon malamin lissafi, a rufe yadda ya zo.

Ya ce, "Malam ya manta kwanonsa."

Na ce, "Mutumin da bai taɓa manta butar alwala ba."

Ya ajiye su a bakin madafa. Ya tsaya. Ya san ni, ya san in na jefa magana irin wannan akwai saura.

"Inna, ni fa ban faɗi abin da ba daidai ba. Da yabo na fara."

"Hannunsa na cikin tuwona."

"To ai shi ya sa. Nan ne ya fi sakin jiki."

"Wanda ke cin abincin gidanka ba ya iya mayar maka da magana. Ko kai ne da laifi sai ya haɗiye. Ka bari ya sa hannu, ka ɗaure mashi baki da tuwo, sannan ka ce ku tattauna. Da wane bakin? Ubanka ya yi faɗa da mutane da yawa a garin nan, amma sai an wanke hannu an tashi daga tabarma, ya ja mutum gefe."

"Gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba."

"A gaban tela yana zama."

Ya zauna a kan turmin da ke kife. Ya cire hula ya riƙe. Na ɗauka ya gama, ashe bai gama ba.

"Inna, ɗiyar tela tana cikin 'yan bayan nan. Ita ce na duba littafinta. Shekara mai zuwa za su fita, ba ta iya raba goma gida biyu ba. Ba ita kaɗai ba ce. In ban faɗa ba, wa zai faɗa? Kowa nauyinsa yake ji. Shi ya sa ba a taɓa faɗa mashi ba."

Na san yarinyar. Tana shigowa karɓar wuta, ba ta ɗaga ido. Uwarta ta taɓa ce mani karatun boko ba ya shiga kanta, na ɗauka haka Allah ya yi ta.

Ya ce, "To faɗa mani inda zan faɗa mashi. A ofis? In zauna a kujera, mutumin da ya goya ni a keke ya kai ni jarrabawa ya tsaya a gabana? A hanya, yara na kallo? In je gidansa, a gaban iyalinsa? Kuma can inda za a kai ni, akwai waɗanda suka haife ni a cikin malaman. Haka zan yi ta yin shiru?"

Na duba akushin, gefen da malamin lissafi ke ci, ramin hannunsa yana nan ɗan ƙarami, miya ta gangara ta cika shi.

Na ce, "Ban sani ba. Na dai san ba nan ba."

Aka kira isha'i. Ya tashi, ya mayar da hula. Ya ce da safe kafin makaranta zai kai ma Malam kwanon, ya ba shi haƙuri.

Na ce, "Haƙurin ka ba shi a inda ka ga dama. Kwanon ka bar mani."

Bai tambayi dalili ba, ni ma ban faɗa ba. Amma na san yadda za ta kasance. Zai yi sallama, matar Malam ta karɓa daga bakin ƙofa, a ce an gode, a ce ai babu komai. Malam mutum ne mai kawaici, zai yafe, har ya riƙa zagayawa bayan aji, na tabbata zai yi. Za su riƙa gaisawa a makaranta da mutunci. Kwanon kuma ya koma cikin 'yan'uwansa a wanke, babu sauran abin da ya bari a gidana da zai sa ya tako. Ba wanda zai yi fushi da wani. Magariba kawai za ta riƙa yi, in ji an fito masallaci, in ji takalma suna wucewa.

Da ya fita na buɗe kwanon, don ba a barin abinci ya kwana a rufe da zafinsa. Dambu ne da zogale, an sa ƙuli da yawa. Malam ba ya son dambu, yana cewa yana tsaya mashi a wuya. Ɗana ne mai son dambu, kuma matar Malam ta sani.

Washegari bayan asuba na turara dambun na zuba ma ɗana. Ya ci, ya tafi makaranta tun kafin lokaci. Na wanke kwanon Malam da toka har ya yi ƙyalli, na shiga da shi ɗakina na ɗora a kan jeren kwanonina, can sama.

Sannan na kwaɓa garin sabon wake da kuka da 'yar kanwa, na jefa ɗanwake. Na wanke akushin, na shafe shi da mai, na zuba, na barbaɗa yaji, na rufe da faifai. Na yafa mayafi. Na ɗauko shi na tsallake wurin da ake shimfiɗa tabarma, abin da akushin nan bai taɓa yi ba.

Na daɗe ban bi hanyar ba, har an yi gine-ginen da ban sani ba. Mata biyu suka gaishe ni suna kallon abin da ke hannuna. Na amsa a taƙaice.

Matar Malam tana shara na yi sallama. Ta saki tsintsiya, ta durƙusa.

"Inna, ke da kanki? Lafiya dai?"

"Lafiya lau. Ga wannan, a ba Malam ya karya."

Takalminsa na bakin ƙofar ɗakinsa, labule a sake. Kekensa na jingine. Na san yana ji. Ban duba wajen sau biyu ba.

Ta ce, "Bari in juye in ba ki akushin."

Na ce, "Bar shi. Nauyi gare shi, da ƙyar na kawo. Mai ƙarfi ya mayar."

Ta dube ni, ta dubi labulen. Ta ce a hankali, "Namu kwanon fa, Inna?"

"Yana nan lafiya. Dambun ya yi daɗi, an cinye."

Ta so ta shimfiɗa mani tabarma, na ce na bar wuta a murhu. Ta rako ni har zaure tana ta godiya, na ce ta koma ga shararta.

Na dawo hannu sake. Gidan yana nan yadda na bar shi, kaji sun hau turmi. Na kore su. Na ɗauki tsintsiya na share ƙofar gida, na yayyafa ruwa, na jingine tabarmar a bakin zaure inda mai zuwa zai gan ta ba sai ya tambaya ba. Sannan na auno dawa, daidai yadda nake aunowa kullum, na zuba a turmi na fara surfe.